Tauraron da Malam Habu Ya Gani

Lokacin da nake saurayi, in aka ce an ga wata, to mutum ne ya gan shi, an san sunansa, an san gidansu. Zai sauko daga kan tudu ya nufi wurin liman, liman ya kai shi gaban dagaci, a ɗora wani a keke ya kai wa hakimi labari. Yanzu kuwa kafin ka gama lazimin magariba sanarwa ta riga ka shiga gida ta waya, ba ka san idon wa ya gani ba. Ba kuka nake da zamani ba, ni ma wayar nake dubawa. Na kawo wannan ne don a gane abin da ya fitar da ni daga gida makon jiya.

Mun tashi da asuba daga Dutse, mu uku: ni, da 'yata wadda ke koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, da taubashina wanda ya ɗauke mu a motarsa. Tun kafin mu bar duwatsun gari a bayanmu ya fara mita. Wai abin da ba za a gani ba sai bayan magariba, shi aka hana shi barcin safe a kai, kuma tafiyar ba ta wuce awa biyu ba. Na ce masa gidan da za mu ba gidan da ake dira da yamma kamar masu neman wuta ba ne.

Gidan Malam Habu za mu, a wani ƙauye da ke gaba da Taura. Shekara arba'in da ɗoriya da suka wuce, ina sabon ma'aikacin haƙar rijiyoyi, a zaurensa na yi wata huɗu. Daga baya aikin ruwa ya yi ta yawo da ni, Nijar, Chadi, Sudan, har na tsinci Faransanci da Larabci a hanya, amma zumuncinmu bai yanke ba. Manomi ne, kuma shi ne mai duban wata na ƙauyen tun yana matashi. Ba na azumi da salla kaɗai ba. Duk ranar ashirin da tara ga wata sai ya hau jigawar da ke yamma da gari, ya gani ko bai gani ba, liman ya aiko a tambaye shi.

To a ƙarshen watan da ya wuce ya hau kamar yadda ya saba. Bai ga jinjirin wata ba, sai ya ɗan zauna har duhu ya fara shiga. Da ya sauko ya ce ya ga wani tauraro da ya fi Zara haske yana tafiya, ba ya ƙyaftawa, ba shi da ƙara, ya taso daga arewa maso yamma ya ratsa tsakiyar sama, ya mutu kafin ya kai ƙasa. Samari suka ce jirgi ne. Ya ce ya san jirgi tun ba a haife su ba. Daga nan magana ta juya, aka fara cewa yana ce ta rufe wa tsoho ido, har da masu cewa tsufa ya fara taɓa shi. Ba wanda ya faɗa a gabansa, amma liman ya sa wasu mutum biyu su riƙa hawa a madadinsa, wai a hutar da shi. Babban ɗan Malam Habu ya zo Dutse yana roƙona in taimaka a kai shi asibitin ido, ya ce tun ranar tsohon ya daina zaman majalisa, daga gona sai ɗaki. 'Yata tana jin bayanin ta ce a maimaita mata ranar da lokacin. Ta duba wata manhaja a wayarta, ta ɗago ta ce tashar sararin samaniya ce, wadda ƙasashe suka haɗu suka gina, mutane na zaune a cikinta, kuma a daren da ya faɗa ta bi ta saman yankin nan. Ta ƙara dubawa, ta samo ranar da za ta sake bi ta hanya ɗaya tsakanin magariba da isha'i. Ranar muka zaɓa.

Rana ta fito mana a Kiyawa. Muka tsaya wurin mai shayi kusa da tasha, inda 'yan acaɓa da masu a-daidaita-sahu suka riga suka cika benci. Shayin Kiyawa ba ya kama ƙafar na Agadas wajen ƙarfi, can ƙaramin kofi ɗaya zai hana ka runtsawa har washegari, amma ƙosan da wata dattijuwa ke toyawa a gefe ban ci irinsa a ko'ina ba. Taubashina ya ci har ya manta da mitarsa. Daga nan muka karya arewa ta hanyar Jahun. Kwalta lafiya lau, sai ɗan inda ruwan bana ya ci gefenta. Kaka ta kama sosai: an yanke gero an jera dammuna, riɗi a jingine yana bushewa, dawa ta sunkuyar da kai, zoɓo ya yi ja a bakin gonaki. Amalanken shanu sun fi motoci yawa. Na tuna yankin Gadarif a Sudan, inda za ka yi tafiyar rabin yini cikin gonar riɗi ta mutum ɗaya. Nan kuwa kowace 'yar gona da mai ita a tsaye a ciki, ya ɗago maka hannu. Na fi son namu.

A Gujungu 'yata ta sayi kankana da busasshen kifi na tsaraba. Mai kankanar ya faɗi kuɗin da ya sa taubashina ya tambaye shi ko da gonar zai haɗa mana. Aka yi dariya, aka rage. Muka wuce Taura, muka sauka daga kwalta muka kama burji, daga burji muka shiga yashi. Sau ɗaya motar ta kafe, wasu masu ɗaurin gero suka turo mu, suka ƙi karɓar komai da suka ji gidan da za mu.

Mun sami Malam Habu a zaure yana tufkar igiya. Ya tsufa, ni ma haka, muka daɗe riƙe da hannun juna. Aka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta gida, ta damina, ta waɗanda suka rasu, aka yi musu addu'a. 'Yata ta shiga wurin mata. Aka kawo fura da nono mai sanyin randa. Sai bayan azahar, da muka ci dambu da rama, na kawo maganar da ta kawo mu. Na ce masa abin da ya gani gaskiya ne, ni ma na taɓa ganinsa a hamadar Nijar, wani abokin aiki Bafaranshe ya nuna mini. Gida ne na ƙarfe mai fikafikai da mutane a ciki, yana zagaya duniya cikin kamar awa ɗaya da rabi, ba fitila gare shi ba, hasken rana ne ke dukansa bayan mu ta faɗi mana. Ya saurara bai katse ni ba. Ya tambayi yadda mutanen ciki ke gane lokacin salla in rana na fito musu sau da yawa haka. Na ce wannan sai liman.

Da 'yata ta fito ta durƙusa ta gaishe shi, ta buɗe waya za ta nuna masa lokaci da inda abin zai ɓullo yau, sai ya ɗaga hannu.

"Kada ki gaya mini, Malama. In kin nuna mini wuri na kalla, cewa za a yi 'yar boko ce ta gani, tsoho ya amsa. Rubuta a takarda ki kai wa liman ya riƙe. Ni a bar ni da sama."

Na ce masa, "Malam, in gajimare ya tare fa? Ko ka kalli wani gefe ta wuce?"

"To sai ku kai ni asibitin, Alhaji. Ai da mota kuka zo."

Gaskiya ban so haka ba. Na zo ne in wanke shi cikin sauƙi, shi kuma ya mayar da abin jarrabawa a gaban gari. In ya rasa ta, maganar da ake yi a ɓoye ta tabbata ke nan, kuma ni na jawo masa. Amma na san halinsa. 'Yata ta rubuta da boko, na rubuta da ajami a ƙasa, muka naɗe muka kai wa liman. Liman mutumin kirki ne, ya girme ni kaɗan. Ya karɓa ya sa a aljihun gaba, ya ce shi bai taɓa cewa Malam Habu ya yi ƙarya ba, tausayinsa ya ji. Ya ce ba zai buɗe ba sai an gama.

Daga la'asar Malam Habu ya shiga shirinsa, shirin da na manta yana yi. Ya sa kwalli, ya shige ɗakin da ba taga ya zauna, ba ya kallon wuta, ba ya kallon farin bango. Ya ce ido kamar doki ne, ba a sukuwa da shi da rana a kuma nemi gudu da yamma. Ni kuwa na raka 'yata kan jigawar ta zaɓi wurin kafa kyamara. Ta kafa mariƙi mai ƙafa uku, ta danna ƙafafun cikin yashi. Ta bayyana mini cewa irin wannan hoto ba ƙyas ɗaya ba ne, ana barin idon kyamara a buɗe kamar daƙiƙa ashirin yana tara haske, sai abin da ke tafiya ya fito kamar zare. Sharaɗinsa biyu, kada a taɓa, kada a haska. A gabas akwai ragowar hadari yana walƙiya can nesa, irin na bankwanan damina. Na yi ta satar kallonsa.

Aka yi magariba a masallacin gari, aka fito aka nufi jigawa. Ban zaci mutane za su kai haka ba. Maza a gaba, mata can baya wajen wata bishiyar kanya, har da Fulanin da ke mashekari kusa. Na gaishe su da Fillanci, wani dattijonsu ya ce su sun sha ganin abin a wurin kiwo, ba wanda ya tambaye su ne. Malam Habu ya zo daga ƙarshe, ɗansa na gefensa, idonsa a ƙasa har ya hau. Ya tsaya a inda ya saba tsayawa, ya dogara sandarsa. Ya ƙi fuskantar inda kyamara ta fuskanta, don ma kada a ce daga nan ya gane. Sai ya shiga bin gefen sama da ido a hankali, daga kudu zuwa yamma zuwa arewa, ya dawo, kamar mai neman ɓatacciyar akuya a cikin garke.

Jan yamma ya dushe. Zara ta fito. Taurari suka fara bayyana ɗaya-ɗaya. Na san lokacin da ke cikin takardar, don haka agogona ya dame ni. Saura minti uku sai ga wani haske daga yamma, ni da tabarau da zumuɗi na ɗaga hannu na ce ga ta nan. Kowa ya juya, ban da Malam Habu, wanda ya ɗan kalla ya ce jirgi ne, ga jar fitilarsa tana ƙyaftawa. Taubashina ya samu abin da yake nema.

"Ƙasa nawa ka zaga, yare nawa ka iya, jirgin Kano ya gagare ka? Kai za a fara kaiwa asibitin."

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma lokaci ya cika cif kuma ban ga komai ba. 'Yata na kallon wayarta a ɓoye cikin mayafi, tana kallon sama. Daƙiƙu suka wuce. Wani daga baya ya yi tari. Can sai Malam Habu ya ɗaga sanda ya nuna ƙasa-ƙasa a arewa maso yamma, daidai saman wata kuka, ya ce da muryarsa ta kullum, "Ga shi can ya taso."

Na kalli bakin sandar, ban ga komai ba sai toka-tokar gefen sama. Liman bai gani ba. Mutum biyun da aka sa a madadinsa ba su gani ba. 'Yata da ta san wurin tun mako biyu ita ma ba ta gani ba. Na ƙirga numfashi ya kai goma, shi kuwa sandarsa na hawa a hankali tana bin abin da shi kaɗai ke gani. Sai ga ɗigon haske ya fito daga cikin tokar, daidai kan sandar, yana ƙaruwa. Ya hau, ya yi fari tas, ya fi kowane tauraro, yana tafiya salin-alin ba ƙara ba ƙyaftawa. Sai salati ya tashi ƙasa-ƙasa a kan jigawar nan.

A nan ne karamcin mutanenmu ya kusa ɓata mana aiki. Da aka ga 'yata ta sunkuya kan kyamara cikin duhu, sai bayin Allah suka ga bai kamata a bar baƙuwa tana lalube ba. Tocila ta kai goma ta kunnu a kanta lokaci ɗaya, wasu na haska kyamarar, wasu na haska sama don abin ya fito da kyau. Hoton farko ya tafi fari fat kamar an zuba masa nono. Ta ce, "Don Allah iyayena a kashe, duhun nake so." Ba su ji ba sai da liman ya maimaita. Ta juya kyamarar da sauri, ta sake buɗewa. Tashar ta riga ta wuce tsakiyar sama ta gangara kudu maso gabas, wajen hadarin nan. Na riƙe numfashi tare da kyamarar. Kafin tashar ta kai ga gajimaren sai haskenta ya yi ja-ja, ya ragu, ya mutu a sarari, kamar yadda Malam Habu ya faɗa tun farko aka ƙi yarda. Ta shiga inuwar duniya ke nan. Duka abin bai fi minti biyar ba.

Liman ya ciro takardar, aka haska masa, yanzu da izini, ya karanta da ƙarfi: lokaci kaza, daga arewa maso yamma, za ta ɓace a kudu maso gabas. Ya naɗe ta, ya taka har inda Malam Habu yake, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Malam, a yafe mana. Ranar ashirin da tara zan aiko."

"Ba komai, Liman. Amma waɗannan biyun su ci gaba da hawa. Su zo su tsaya kusa da ni, in nuna musu yadda ake kallo."

Na zauna a garuruwa masu manyan na'urorin hangen sama, na ga inda ake biya a leƙa. Ban taɓa jin abin da na ji a kan tudun yashin nan ba. Tsoho ɗan ƙauye, da kwalli da sanda, ya riga waya da tabarau da idon samari. Ga kuma 'yata a gefe, wadda ta san ranar da lokacin tun daga ɗakinta a Dutse. Duka biyun namu ne, 'yan Jigawa, kuma ba wanda ya zo daga wata ƙasa ya nuna musu.

Hoto na biyu ya fito. Baƙar sama da taurari, farin zare miƙe ya ratsa ta yana sirancewa a ƙarshe, a ƙasa kuma inuwar kawunan mutane da hulunansu. Gefe ɗaya ya ɗan yi haske saboda wata tocilar da ta makara. Bayan isha'i aka yi ta layi ana leƙa bayan kyamarar, maza suka gama aka kai wa mata. Abin dariya, mai gayyar, Malam Habu, bai iya ganinsa ba. Ya kai shi nesa, ya kawo kusa, ya ce shi dai baƙi yake gani. Idon da ya tsinto ɗigo a gefen sama ba ya ganin abin da ke tafin hannu. 'Yata ta ce wannan kam na tabarau ne, za ta kawo masa, ta kuma wanko hoton babba. Muka ci tuwon gero sabon girbi da miyar ɗanyar kuɓewa, muka kwanta da wuri.

Da safe muka yi sallama. Aka cika mana bayan mota da gyaɗa da riɗi da zabi biyu, duk ƙin da muka yi. Da muka zo fita, Malam Habu na zaune a majalisar ƙofar dagaci, mutane kewaye da shi, yana zana hanyar abin a ƙasa da sandarsa. Mun biyo ta Ringim don in nuna wa 'yata ofishin da aka fara ɗauka ta aiki, muka tsaya ta sayi tumatir da albasa na fadama, muka juyo. Taubashina ya yi ta ba duk wanda muka tsaya wurinsa labarin jirgin Kano, har mai sayar da fetur. Mun shigo Dutse kafin la'asar, duwatsu na ta zafi, muka sauka lafiya.

Na tafi da niyyar in koya wa ƙauye abin da na sani, na dawo na san cewa akwai sanin da ba a samu a tafiye-tafiye, sai a tsayuwa wuri ɗaya shekara hamsin ana kallon sama ɗaya. Ɗan Malam Habu ya kira ni shekaranjiya. An daina maganar asibiti. Liman ya mayar wa tsohon da aikinsa, kuma yanzu ba shi kaɗai yake hawa jigawar ba, mutum biyu na koyo a hannunsa. Ko bayan ransa, ƙauyen nan yana da masu duban wata.